Jirgin da Ke Cewa Yana Nan Alhali Yana Can

  Yau teku muka nufa, kuma maganar ƙarya za mu yi, wato ƙaryar da jiragen ruwa ke shararawa game da inda suke, da yadda ake bin sawunta har a kama ta.

Mu fara da abin da ya faru a Bahar Aswad cikin watan Yunin 2021. A daren 18 ga watan, duk wanda ya buɗe shafukan intanet masu nuna zirga-zirgar jiragen ruwa ya ga abin tayar da hankali. Jiragen yaƙi biyu, HMS Defender na Birtaniya da Evertsen na ƙasar Holan, sun bar tashar Odesa ta Yukren, sun miƙe ɗoɗar zuwa Sebastopol, inda hedikwatar rundunar ruwan Rasha ta wannan teku take a yankin Kirimiya, har ya rage saura mil biyu su shiga bakin tashar. A ce jiragen ƙungiyar NATO sun je ƙofar gidan sojojin Rasha da tsakar dare ba sallama, ai wannan tsokanar faɗa ce tsagwaronta. To, ashe babu inda suka je. Kyamarorin da ke kallon tashar Odesa, waɗanda kowa ke iya gani kai tsaye ta intanet, sun nuna jiragen biyu a ɗaure a wurinsu, ko motsi ba su yi ba. Wani ne ya zauna ya ƙirƙiro tafiyar, ya cusa ta cikin bayanan da duniya ke dogaro da su. Kwana biyar bayan haka, ran 23 ga wata, Defender ɗin ya bi ta kusa da gaɓar Kirimiya da gaske. Rasha ta ce ta yi masa harbin gargaɗi, Birtaniya ta ce sam ba a yi haka ba. A irin wannan wuri, inda kowa yatsansa ke kan kunamar bindiga, ƙarya guda ɗaya ta isa ta jawo asarar rayuka.

Yaya aka yi hakan ya yiwu? Dole mu koma kan wata na'ura da ake kira AIS. Kowane babban jirgin ruwa yana ɗauke da ita, kuma aikinta shela. Tana faɗin sunan jirgi, da lambarsa, da inda yake, da inda ya dosa, da irin gudun da yake yi. Idan jirgi na tafiya, tana maimaita wannan shela tsakanin kowane daƙiƙa 2 zuwa 10, gwargwadon gudunsa. Idan yana tsaye, sai bayan minti 3. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta wajabta ta a kan jiragen da girmansu ya kai tan 300 masu ƙetare ƙasashe, da duk wani jirgin fasinja, kuma daga ƙarshen shekarar 2004 dokar ta hau kan kowa. Manufar farko mai kyau ce ƙwarai, kada jirage su yi karo. Matuƙi a cikin duhu ko hazo ya duba allonsa ya ga wane ne ke gabansa, ya kira shi da suna ta rediyo, su daidaita wanda zai kauce.

Daga baya sai aka fara kama saƙonnin da eriyoyin bakin teku, sannan da taurarin ɗan'adam, ana tattara su a taswira guda. Nan take AIS ta zama idon kowa. Kamfanonin inshora da ita suke aiki, haka bankuna, da 'yan kasuwar mai, da jami'an kwastan, da sojojin ruwa, da masu ceton waɗanda hatsari ya rutsa da su.

Sai dai an gina ta ne a kan yarda. Saƙon a buɗe yake fita, babu kulle, babu wani hatimi da zai tabbatar da cewa mai maganar shi ne wanda ya ce shi ne. Suna da lamba da tashar da aka nufa duk hannun mutum ne ke rubuta su. Wurin da jirgi yake kuwa daga GPS ake ɗaukowa, kuma ana iya shiga tsakani a sauya alƙaluman. Tun a 2013 wasu masu bincike na kamfanin Trend Micro suka nuna a bainar jama'a cewa da kayan aiki masu araha za a iya ƙirƙirar jirgin da babu shi, ko a ɗauke na gaske a ajiye shi wani wuri a taswira. Misalin abin shi ne direban babbar mota da ya buga wa maigidansa waya ya ce, "Alhaji, ga ni a Zariya, taya ta fashe," alhali yana Funtuwa yana sauke kayan wani. Muddin wayar ce kaɗai hanyar da Alhaji ke sanin inda motarsa take, to abin da direba ya faɗa shi ne gaskiya a wurinsa. Abin da jirgi ya faɗa game da kansa da'awa ce. Shekara da shekaru duniya ta riƙa karɓar wannan da'awa a matsayin shaida, kuma daga nan ɓarnar ta samo kafa.

Na san wani zai ce, mu da ke Kano ko Sakkwato ko Damagaram, ina ruwanmu da teku? Ruwanmu kuwa da yawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashen duniya ke cinikayya da su ta ruwa suke bi. Takin zamanin da manomi ke jira, da alkamar burodi, da magunguna, da kayan gyaran mota, da kifin ƙanƙarar da ake soyawa a bakin titi, akasarinsu ta Legas ko Kwatano ko Lome suka sauka kafin su hau mota zuwa arewa. Arzikin da gwamnatin Najeriya ke rabawa jihohi duk wata, kaso mai tsoka na ɗanyen man da jirage ke ɗauka ne. Nijar ma da ba ta da gaɓar teku, tun 2024 manta na Agadem ke bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a Jamhuriyar Benin, daga nan ya shiga jirgi. Duk gangar da ta sulale a ɓoye, kuɗin makaranta ne da na asibiti suka sulale. Duk lokacin da kamfanin inshora ya ce ruwan yankinmu na da hatsari ya ƙara farashi, mai sayen buhu a kasuwar Dawanau ne ke biyan cikon.

Masu wasa da wannan na'ura ba duka hanya ɗaya suke bi ba. Akwai mai kashe ta kawai ya yi shiru. Wannan ita ce tsohuwar dabara, kuma mun sha ganinta a mashigin tekun Gini. A Janairun 2014 'yan fashi suka kama jirgin dakon mai mai suna Kerala a kusa da Luwanda ta Angola, suka kashe na'urorinsa, suka kwashe dubban tan na man dizal kafin su sake shi a kusa da ruwan Najeriya. Amma shiru yana da aibi ga ɓarawo, domin yana jawo tambaya. Jirgin da ya ɓace daga taswira kwana goma, ya dawo ya fi dā nutsewa cikin ruwa saboda nauyi, kowa ya san ya ɗauko wani abu a wani wuri. Kamfanonin inshora da masu sa ido kan takunkumi sun fara lissafa irin waɗannan giɓi. Shi ya sa masu wayo suka daina shiru, suka koma magana, suna faɗin ƙarya.

Dubi jirgin dakon mai Cathay Phoenix. A watan Mayun 2023 jaridar New York Times ta wallafa binciken da ta yi a kansa. Cikin Fabrairun shekarar, na'urarsa ta riƙa cewa yana yawo a yammacin Japan. Da aka ɗauko hoton tauraron ɗan'adam na wurin a daidai wannan lokaci, ruwa ne fetal, babu jirgi. Shi kuwa yana can arewa, nisan kimanin mil 250, a tashar Kozmino ta Rasha yana shan ɗanyen mai. Dalili a fili yake. A Disamban 2022 ƙasashen Yamma suka ƙayyade dala 60 a matsayin farashin da ba za a wuce ba ga gangar man Rasha, in dai ana son inshorarsu. Ƙaryar ce ta ba jirgin damar cin kasuwar Rasha yana kuma riƙe da takardar inshorar Amurka.

Akwai wanda ya wuce nan, ya saci suna ɗungurungum. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido kan takunkumin Koriya ta Arewa a wancan lokaci ya ba da labarin wani jirgi mai suna Yuk Tung a rahotonsa na 2019. An riga an sa shi cikin jerin waɗanda aka haramta wa shiga tashoshi. Sai ya sake fenti, ya laƙaba wa kansa suna Maika, ya ɗauki lambar rajistar wani jirgi daban mai suna Hika, ya ci gaba da harkarsa a tekun gabashin Sin. Shi Hika na ainihi a lokacin yana nan kusa da mu, a tsaye a ruwan Lome ta ƙasar Togo, dubban mil daga wurin. Lamba ɗaya, jirage biyu, a nahiyoyi biyu. Lambar IMO mai alƙaluma bakwai an yi ta ne don ta bi jirgi tun daga ƙira har ranar da za a farfasa shi, ko da ya sauya suna da tuta sau goma. Ita ma ga shi an sace ta.

To, akwai rukuni na uku, kuma ina so masu sauraro su riƙe shi da kyau, domin a nan ake iya zaluntar marar laifi. Wannan shi ne jirgin da shi ma ƙaryar aka yi masa. Saƙon GPS daga taurari masu nisan kimanin kilomita 20,000 yake saukowa, kafin ya iso ƙasa ya yi rauni ƙwarai. Duk wanda ya kafa na'ura a kusa ya watsa saƙo mai kama da shi amma ya fi shi ƙarfi, to na'urar jirgi shi za ta bi. A 2013 Farfesa Todd Humphreys na Jami'ar Texas da ɗalibansa suka gwada haka a kan wani jirgin alfarma a Bahar Rum, da izinin mai shi. Sannu a hankali suka karkatar da shi daga hanyarsa, allon matuƙi kuwa na nuna komai daidai. Bayan shekara huɗu abin ya fita daga fagen gwaji. A Yunin 2017 jirage sama da 20 da ke kusa da tashar Novorossiysk ta Rasha suka ga na'urorinsu na cewa suna filin jirgin saman Gelendzhik, a kan tudu. Wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna C4ADS ta ƙirga irin wannan har sau 9,883 da suka shafi jiragen farar hula 1,311, a rahoton da ta fitar a 2019. A shekarar ce kuma aka ga abin mamaki a kogin Huangpu na birnin Shanghai, inda jirage da dama suka bayyana a taswira suna kewaya wuri ɗaya, sun yi zobe. Har masu hawan keke a bakin kogin, da aka duba bayanan wayoyinsu, su ma zoben suke yi.

Matuƙin da ya faɗa irin wannan tarko yana faɗin abin da na'urarsa ta gaya masa ne, da zuciya ɗaya. A Mayun 2025 wani babban jirgin kwantena, MSC Antonia, ya maƙale a tudun ƙarƙashin ruwa kusa da Jidda, tashar da alhazanmu suka sani, kuma kamfanonin da ke nazarin bayanan jirage sun danganta hatsarin da katsalandan ɗin da ake yi wa GPS a Bahar Maliya. Don haka idan aka ce an kama saƙon ƙarya, akwai sauran tambaya, wa ya yi ta? Mai jirgin ne, ko wani ne daga gaɓa, ko kuwa wani ne da bai taɓa shiga ruwa ba, yana zaune gaban kwamfuta yana cusa bayanai cikin rumbun da ake tarawa?

Yanzu mu zo kan yadda ake kamawa. Duk dabarun, in ka tattara su, abu ɗaya suke nema, shaida na biyu wanda jirgin ba shi da iko a kansa.

Matakin farko bai ma buƙatar kayan aiki masu tsada, hankali kawai yake so. Jirgin dakon mai cike da kaya da ƙyar yake wuce kilomita 30 a sa'a. Idan saƙonsa ya nuna yana nan yanzu, bayan minti biyar ya yi tsalle kilomita 200, ka san da walakin. Haka idan ya ratsa ta kan tsibiri, ko ya zana layi miƙaƙƙe sak na kwanaki kamar da rula aka ja, ko ya yi ta maimaita zobe iri ɗaya ba kuskure ko na taku. Jirgin gaske da ke tsaye a teku ba ya daskarewa wuri guda. Iska na kaɗa shi, igiyar ruwa na juya shi, yana lilo a kewayen sarƙar da ta riƙe shi. Wanda aka ƙirƙira a kwamfuta yakan fi ƙarfin gaskiya tsabta, kuma tsabtar ce ke tona shi. A yau ana koya wa kwamfuta halin jirage daga miliyoyin tafiye-tafiyen da suka gabata, ta san yadda mai kamun kifi ke tafiya da yadda mai kwantena ke tafiya, sai ta ware wanda ya saɓa ta miƙa wa ɗan'adam ya duba.

Mataki na biyu shi ya fi burge ni. Maimakon a tambayi abin da saƙo ya ce, sai a tambayi wa ya ji shi. Saƙon AIS a kan zangon rediyo na VHF yake tafiya, kuma eriyar bakin teku ba ta jin abin da ya yi mata nisa ƙwarai, galibi 'yan gomman mil ne iyakarta. Tauraron da ke wucewa a sama shi ma yana da iyakar faɗin da kunnensa ke kaiwa a kowane lokaci. To idan jirgi ya ce yana gaɓar Angola, amma tauraron da ya kama muryarsa a wannan daƙiƙa yana saman tekun Karebiyan, maganar ta ƙare. Jirgi na iya sauya alƙaluman da ke cikin saƙo, amma ba zai iya sauya wurin da muryarsa ta fito ba. Akwai ma kamfanoni irin su HawkEye 360 a Amurka da Unseenlabs a Faransa da taurarinsu ke sauraren siginar da na'urorin jirgi ke fitarwa, har da ta radar da matuƙi ba ya iya kashewa idan yana son ganin gabansa cikin dare, su auna daga inda ta taso.

Sai kuma hoto, tunda gani ya kori ji. Taurarin Sentinel-1 na Tarayyar Turai, waɗanda aka harba na farkonsu a 2014, da radar suke ɗaukar hoto, saboda haka dare ko girgije ba ya hana su. Ƙarfen jirgi yana fitowa fari tas a kan baƙin ruwa. Sai a ɗora hoton a kan taswirar AIS. Inda aka ga jirgi a hoto babu saƙo, ga mai shiru nan. Inda aka ga saƙo babu jirgi a hoto, ga maƙaryaci nan. Da irin wannan gwami ne Bjorn Bergman, mai bincike a ƙungiyoyin SkyTruth da Global Fishing Watch, ya gano cewa abin da ya faru a Odesa ba shi kaɗai ba ne. Tsakanin Agustan 2020 da Yulin 2021 ya tarar da jiragen yaƙi kusan 100 na ƙasashe 14 da aka ƙirƙira wa tafiye-tafiyen da ba su yi ba. Ya kuma lura cewa saƙonnin jabun suna da wani salo na jeri da ya bambanta da na na'urar gaske, sai ya yi amfani da salon ya zaƙulo sauran.

Wannan hanya ta hoto ta buɗe wani babin da ya fi na jiragen yaƙi girma. A Janairun 2024 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa nazarin da Global Fishing Watch ta jagoranta, na hotunan shekarun 2017 zuwa 2021. Sakamakon shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na manyan jiragen kamun kifi na duniya ba sa bayyana a taswirar da jama'a ke gani, kuma da yawansu a kewayen Asiya da Afirka suke. Adalci ya sa a faɗa cewa ba dukkansu ne masu laifi ba, domin akwai waɗanda dokar ƙasarsu ba ta tilasta musu ɗaukar na'urar ba. Amma wanda ya san halin da masunta ke ciki a Elmina ta ƙasar Gana, inda manyan jirage suka daɗe suna kwashe ƙananan kifaye suna sayar da su a tsakiyar teku ta haramtacciyar harkar nan da ake kira saiko, ya san wa duhu ke yi wa amfani. Mai ƙaramin kwalekwale ba shi da abin da zai ɓoye.

Kada kuma a raina ido na ɗan'adam. Kyamarar tasha ce ta ƙaryata labarin Odesa. Hoton da ma'aikacin jirgi ya ɗauka da waya ya sa a Facebook, da masuncin da ya ga jirage biyu sun jingina da juna cikin dare an miƙa tiyo tsakaninsu, da jami'in tashar da ya lura cewa sabon fenti ya rufe tsohon suna, duk shaidu ne.

Amma kada mu ɗauka an gama. Tauraron hoto ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan yi kwanaki kafin ya sake bi ta wuri, kuma lokutan wucewarsa ba sirri ba ne, masu laifi na iya lissafawa. Kwamfuta kuma tana yawan ihu a banza. Na'ura kan lalace, ma'aikaci kan rubuta lamba ba daidai ba, masunta kan maƙala wa ragarsu ƙananan na'urori masu fitar da saƙo kamar jirage. Akwai ma shirun da doka ta yarda da shi. Ƙa'idar IMO ta ba kyaftin damar kashe AIS idan ya ga barinta a kunne zai jawo masa 'yan fashi, da sharaɗin ya rubuta dalili a littafin jirgi. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Kyaftin ɗin da ya yi shiru a irin wannan ruwa ran mutanensa yake karewa. A Bahar Maliya kuwa, tun da 'yan tawayen Huthi suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023, wasu jirage suka riƙa rubuta a gurbin tashar da suka nufa cewa ma'aikatansu duka 'yan Sin ne, ko duka Musulmi ne, ko ba su da alaƙa da Isra'ila. Wanda zai yi hukunci a kan irin waɗannan sai ya san teku, ya san tsoron da ke cikinta. Shi ya sa nake ganin duk ƙasar da ta sayi manhaja ta ƙi horar da mutane, kuɗinta ta zubar.

Ana kan aikin wani sabon tsari mai suna VDES da ake fatan zai ba da damar sa wa saƙo hatimin da za a iya tantancewa. Zai taimaka wajen toshe masu satar suna da masu cusa bayanai daga waje. Sai dai sauya na'ura a dubban jirage aiki ne na shekaru, kuma hatimi ba zai hana mai jirgi ciyar da na'urarsa alƙaluman ƙarya ba.

Mu dawo gida. Najeriya ba ta zauna hannu rabbana ba. A Yunin 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue na hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa, NIMASA, wanda ya ci dala miliyan 195, da jiragen sintiri na ruwa da na sama. Wata guda bayan haka aka buɗe Falcon Eye na rundunar sojojin ruwa, mai radar da kyamarori a gaɓar teku. Tun 2013 kuma ƙasashen yammaci da tsakiyar Afirka suka sa hannu kan yarjejeniyar Yawunde ta musayar bayanai, aka raba teku shiyya-shiyya, aka sa Najeriya da Benin da Togo da Nijar a shiyya ɗaya mai cibiya a Kwatano. An kuma ga amfanin haɗin kai a fili. A Mayun 2020 'yan fashi suka kama jirgin kamun kifi Hai Lu Feng 11 a ruwan Kwaddibuwa, suka kashe na'urarsa. Bayanai suka bi ta hannun maƙwabta, sojojin ruwan Najeriya suka tare shi a kudu da Legas, suka ceto ma'aikata 18, suka kama mutum 10. A Yulin 2021 babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure kowannensu shekara 12 a ƙarƙashin dokar yaƙi da fashin teku ta 2019.

Ku lura da jerin abin da ya faru a nan. An gano, an sanar da maƙwabci, jirgin sintiri ya fita da mai a tankinsa, lauyan gwamnati ya kai hujja, alƙali ya yanke hukunci. Da ɗaya ya tsinke a cikin waɗannan, da sauran sun tashi a banza. Gano ƙarya a allon kwamfuta shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Kuma a maganar satar ɗanyen mai, kowa ya san jirgi mai tsawon fiye da mita 200 ba ya shiga ya yi lodi ya fita ba tare da wani a tudu ya sa hannu ko ya kau da kai ba. Tauraro zai nuna maka jirgin, amma wanda ya buɗe masa famfo sai bincike na gaskiya.

Saboda haka kirana ga hukumomin tashoshinmu da na kwastan shi ne, kada jirgi ya yi lodi ko ya sauke kaya sai an gwada tarihin tafiyarsa da wata shaida da ba daga bakinsa ta fito ba, kuma wanda aka kama da ƙarya a bayyana sunansa kowa ya ji. 'Yan majalisarmu, har da na jihohin da ba su da teku, su riƙa tambayar hukumomin nan jirage nawa aka gano, nawa aka kama, nawa suka kai gaban alƙali. Ku kuma matasanmu masu karatun kwamfuta da lissafi da taswira a jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri da Yamai, hotunan Sentinel-1 kyauta ne, taswirar Global Fishing Watch ma kyauta ce ga duk mai intanet. Ba sai kun taɓa ganin teku ba kafin ku koyi tsaronta. Ku buɗe, ku duba ruwan Legas da Bonny da Lome, ku fara koyon bambance jirgin gaske da na ƙarya.

A nan za mu dasa aya.